Bindiga Mai Sakata a Tarihin Kudancin Katsina: Shaidar da Ta Cancanci Gidan Tarihi

Maganar tsofaffin bindigogin soja a gaban jama'ar Funtuwa da Malumfashi magana ce mai bukatar taka-tsantsan, domin a wannan yanki na manoman auduga da masara da dawa da waken soya, ƙarar bindiga ta daɗe da zama sanarwar makoki da gudun hijira da gonakin da aka bari ba a girbe ba. Duk da haka akwai wani rukuni na bindigogi da zamaninsu ya wuce a fagen fama, waɗanda a Turai da Amurka ake tarawa ana nazarinsu tare da sauran kayan tarihi, kuma alaƙar wannan rukuni da ƙasar Hausa ta fi ƙarfin abin da akasarin masu tara su a can suka sani. Abin da wannan lacca ke son tabbatarwa shi ne cewa bindigogin nan shaidu ne da bai kamata a bari su salwanta ba, kuma cewa a Nijeriya mazauninsu na gaskiya gidan tarihi ne na hukuma, ba ɗakin wani mutum ba, komai kyawun niyyarsa.

Bindigar da ake nufi ita ce mai sakata, wato doguwar bindigar soja da ake ɗura wa harsashi ta baya, wadda ake toshe bayan bututunta da wani sandan ƙarfe mai mariƙi a gefe, aikinsa kamar na sakatar ƙofa, domin ɗaga shi ake yi, a ja shi baya, a tura shi gaba, sannan a kwantar da shi ya kulle. Jan da aka yi baya shi ke fitar da kwanson harsashin da aka riga aka harba, turawar kuma ita ke ɗauko sabo daga gidan harsasai da ke ƙarƙashi ta cusa shi cikin bututu, ta yadda soja zai iya ci gaba da harbi yana kwance rubda ciki. Duk wanda ya san bindigar toka ta maharba, wadda wasu ke kira adaka ko harba-ka-ruga, zai gane girman wannan bambanci, tunda ita sai an tsayar da ita an zuba albarushi ta baki, an danna tsumma, an zuba dalma ko guntayen ƙarfe, an sake dannawa, kafin a samu harbi guda, in kuwa damina ta jiƙa albarushin to aiki ya tsaya. Fifikon mai sakata ya samo asali ne daga haɗuwar abubuwa uku: harsashin kwanso, wanda ya tattara dalma da albarushi da abin kunna wuta cikin tagulla guda da ruwa ba ya ratsawa, murɗaɗɗun layukan da ake sassaƙawa a cikin bututu, masu sa harsashi ya fita yana juyi don ya tafi saiti zuwa nesa, da kuma albarushi marar hayaƙi, wanda shi ne ya zo daga ƙarshe.

Shigar wannan fasaha hannun sojoji ta faro ne daga wani maƙeri Bajamushe, Johann Nikolaus von Dreyse, wanda ƙasar Furushiya ta karɓi bindigarsa a 1841, kuma a yaƙinta da Ostiriya a 1866 aka ga yadda sojan da ke ɗuri a kwance ya rinjayi wanda dole ya miƙe tsaye kafin ya ɗura. Faransa ta fito da Chassepot a wannan shekarar, ta bi ta da Gras a 1874, yayin da wasu 'yan'uwa biyu, Wilhelm da Paul Mauser, suka ƙera wa Jamus bindigarta ta 1871. Dukkan waɗannan harsashi ɗai-ɗai ake sa musu, kuma da baƙin albarushi suke aiki, mai turnuƙe fili da hayaƙi ya tona asirin maharbi, ya kuma cika bututu da dauɗa. A 1884 wani masanin sinadarai na Faransa, Paul Vieille, ya samar da albarushi marar hayaƙi, a 1886 ƙasarsa ta fitar da bindigar Lebel mai aiki da shi, kuma cikin shekara ashirin kowace babbar daula ta sabunta makamanta: Ingila ta karɓi Lee-Metford a 1888, Rasha ta karɓi Mosin-Nagant a 1891, Italiya ta karɓi Carcano a wannan shekarar, Jamus ta kammala Mauser ta 1898, Amurka ta fito da Springfield a 1903, Japan kuma ta fito da Arisaka samfurin 38 a 1905.

Manomin Funtuwa yana da dalilin tsayawa a kan batun albarushin nan, saboda ginshiƙinsa auduga ce da aka sarrafa da sinadari mai ƙarfi har ta koma abin fashewa, nau'in da Ingila ta ƙirƙiro a 1889 kuma, mai suna kodayit, an haɗa shi da wani sinadarin da tushensa ke fitowa daga man tsirrai da kitse. Ashe ke nan auduga da gyaɗa, amfanin gona biyu da Turawan mulkin mallaka suka fi matsa wa talakan Arewa ya noma, darajarsu a idon daular da ke shirin yaƙi ta wuce ta masaƙa da ta tukunya.

Ƙasar Hausa da maƙwabtanta ba baƙin bindiga ba ne. Mai Idris Alauma na Barno ya riƙe rundunar 'yan bindiga da Turkawa suka horar tun ƙarni na 16, littafin Tarihin Kano kuma ya ambaci sayo bindigogi daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari, da kafa 'yan bindiga masu tsaron sarki a zamanin Babba Zaki, dukansu a ƙarni na 18. A ƙarni na 19 Sarkin Damagaram Tanimu ya sa ana zuba igwa ana kuma haɗa albarushi a birninsa, Sarkin Zazzau Yero ma ya dogara da rundunar bayi 'yan bindiga a shekarun 1890. Amma yawancin waɗannan bindigogin toka ne, kuma kamar yadda Joseph Smaldone ya nuna a littafinsa na 1977 kan yaƙi a Daular Usmaniyya, ƙashin bayan runduna ya ci gaba da zama doki da mashi da takobi da sulke da lifidi, da 'yan ƙasa masu kwari da baka. A kudancin Katsina, inda ƙasar Maska da ta Galadima a Malumfashi suka sha fama da hare-haren Katsinawan Maraɗi tun zamanin Ɗan Baskore har zuwa na Ƙaura Hasau, abin da ke kare gari shi ne ganuwa da sarƙaƙƙiyar ƙaya da kan duwatsu, kuma waɗannan sun wadatar muddin abokin gaba irin makamin da ake riƙe da shi yake riƙe da shi.

Wannan daidaito bai rushe da kansa ba, da gangan aka rushe shi. A ranar 2 ga Yuli 1890 daulolin Turai suka sa hannu kan yarjejeniyar Burasal, wadda a fili aka ce an yi ta don hana cinikin bayi, amma a cikinta aka haramta sayar wa 'yan Afirka bindigogin zamani da harsasansu a duk faɗin da ke tsakanin digiri 20 arewa da digiri 22 kudu da tsakiyar duniya, aka bar musu bindigar ƙanƙara da baƙin albarushi kawai. Ƙasar Hausa baki ɗaya tana cikin wannan faɗi. Ba rashin basira ne ya bar sarakunan yankin a baya ba, domin a yammacin Afirka maƙeran Samori Ture sun kai ga kwaikwayon bindigar Gras da hannu. Abin da ya gagara shi ne masana'antar da za ta riƙa fitar da harsashin kwanso dubu-dubai, alhali an toshe hanyar sayo shi daga teku.

Sakamakon ya bayyana a 1903. Kanar Morland na sojojin Ingila ya tashi daga Zariya a ƙarshen Janairu da sojojin da ba su kai dubu ɗaya ba, tare da igwa huɗu da bindigogin Maxim masu jigida, ya shiga Kano ranar 3 ga Fabrairu, lokacin da Sarkin Kano Alu ya tafi Sakkwato. Rundunar Kanawa da ke kan hanyar dawowa ƙarƙashin Waziri Ahmadu ta yi karo da wani ƙaramin ayarin sojan doki kusa da Kwatarkwashi, dutsen nan da duk matafiyi daga Funtuwa zuwa Gusau ke gani a gefen hanya. Rahoton Turawa ya ce Laftanar Wallace Wright, da hafsa ɗaya da sojoji 44, ya tsaya wa mahaya 1,000 da 'yan ƙasa 2,000 har tsawon sa'a biyu. Adadin daga bakin wanda ya ci nasara ya fito, a kuma takardar da aka rubuta don ba shi lambar yabo, saboda haka mai nazari yana da haƙƙin karanta shi da hattara. Abin da ba a jayayya a kansa shi ne cewa jarumai a kan dawaki sun yi ta sukuwa cikin wutar bindigogi masu harsashin kwanso ba tare da sun fasa sahun ba, kuma Waziri Ahmadu ya kwanta dama a wannan fage, abin da ya sa Kanawa ke kiransa Mai Shahada. Sakkwato ta faɗi ranar 15 ga Maris, Katsina ƙarƙashin Sarki Abubakar ta karɓi Gwamna Lugga a ƙarshen watan ba tare da an gwabza ba, Sarkin Musulmi Attahiru kuma ya yi shahada a Burmi ranar 27 ga Yuli. Bayan shekara uku, a Satiru kusa da Sakkwato, talakawa riƙe da gatari da fartanya da kibau suka tarwatsa wani ayarin sojan doki a watan Fabrairun 1906, suka kashe Turawa uku, amma da aka dawo musu a watan Maris da cikakkiyar wuta sai aka kashe kimanin mutum 2,000 aka shafe garin. Akwai kuma gaskiya mai ɗaci da bai kamata a tsallake ba, wato yatsun da suka ja kunama a waɗannan wurare akasarinsu na Hausawa ne da Yarabawa da sauran 'yan ƙasa da aka ɗauka aiki a Rundunar Tsaron Iyakar Afirka ta Yamma, wadda Lugga ya fara haɗawa a 1897.

Bindigar da ta zama abokiyar zaman wannan runduna har ƙarshen mulkin mallaka ita ce Lee-Enfield, wadda ta ɗauki sunanta daga James Paris Lee, mai tsara sakatarta da gidan harsasanta, da kuma garin Enfield da ke arewacin Landan, inda masana'antar makaman gwamnati take. An karɓe ta a 1895, aka gajarta ta a 1904 don ta dace da sojan ƙasa da na doki baki ɗaya, aka kuma fitar da samfurin da ya fi shahara a 1907. Faɗin harsashinta .303 ne na inci, wato kimanin milimita 7.7, nauyinta ya kusa kilo huɗu, gidan harsasanta kuma yana cin goma, ninki biyu na abin da Mauser da Mosin-Nagant ke ci. Haƙoran da ke kulle sakatarta a baya suke, saboda haka tafiyar sakatar gajera ce mai santsi, har ana bukatar ƙwararren soja ya yi harbi 15 na saiti cikin minti guda. Ita kuwa Mauser haƙoranta a gaba suke, abin da ya rage mata sauri ya ƙara mata ƙarfi, shi ya sa yawancin bindigogin farauta na zamani daga tsarinta suka samo asali. An ƙera Lee-Enfield sama da miliyan 17 a Ingila da Indiya da Ostareliya da Kanada da Amurka.

Da ita sojojin Nijeriya suka shiga Kamaru a 1914, a Yaƙin Duniya na Farko, suka fuskanci sojojin Jamus masu riƙe da Mauser, waɗanda su ma baƙaƙen fata ne ƙarƙashin hafsoshi Turawa. Garwa ta faɗi a Yunin 1915, masu tsaron dutsen Mora kuma ba su miƙa wuya ba sai a Fabrairun 1916. Rayuwar Chari Maigumeri, mutumin Barno, ta ƙunshi wannan zamani gaba ɗaya, domin ya fara aikin soja a rundunar Jamus, aka kama shi a Garwa, ya shiga rundunar Ingila a 1917 ya yi yaƙi a Afirka ta Gabas, ya kai muƙamin babban samanja, ya je Habasha da Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, ya yi ritaya a 1953 da muƙamin kyaftin na girmamawa, kuma barikin soja na Lakwaja yana ɗauke da sunansa.

Tsakanin yaƙe-yaƙen biyu ne kudancin Katsina ya sauya kama. Layin dogo daga Zariya ya ratsa Funtuwa da Gusau ya isa Ƙaura Namoda a 1929, injinan gurzar auduga suka kafu a Funtuwa da Malumfashi, kuma cibiyar horar da kuratan soja da aka buɗe a Zariya a 1924 tana nesa da Funtuwa da kimanin kilomita 70 kacal. Titin ƙarfen da ke kwashe dilolin auduga zuwa teku shi ne ya sauƙaƙa kwashe samari zuwa bariki sa'ad da yaƙi ya ɓarke a 1939, kuma tunda Hausa ce harshen da aka daɗe ana amfani da shi a rundunar, ɗan ƙauyen Bakori ko Ƙafur ko Ɗanja bai bukaci Turanci ba kafin ya koyi warware sakata da goge bututu. Birged ta 23 ta Nijeriya ta kori sojojin Italiya masu riƙe da Carcano tun daga Mogadishu har cikin Habasha a 1941, a 1943 kuma aka kafa runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma, aka tura dubun-dubatar sojoji ta teku zuwa Indiya, daga nan zuwa dazuzzukan Bama, inda suka yi ta fafatawa da Japanawa a kwarin Kaladan da yankin Arakan, kayansu a bisa kawunan 'yan dako, abincinsu ana jefo shi daga jirgin sama, har suka kama Myohaung a Janairun 1945. Sarkin Katsina Usman Nagogo, wanda ya hau gadon sarauta a 1944, ya yi tattaki har can ya gana da su. Sunayen barikoki irin su Dalet da Kalapanzin a Kaduna, da Chindit a Zariya, da Arakan da Myohaung a Legas, duk daga wannan yaƙi aka samo su, ko da yake kaɗan ne cikin masu wucewa ta ƙofarsu a yau suka san haka.

A cikin wannan yaƙi aka fitar da samfurin Lee-Enfield mai lamba 4, wanda aka karɓa a 1941, kuma shi ne 'yan Nijeriya suka fi sani da sunan Mark 4, domin bayan sojoji sun koma ga bindigogi masu ɗura kansu a farkon shekarun 1960, an kuma kafa masana'antar ƙera makamai ta DICON a Kaduna a 1964, ita ce ta ci gaba da zama a kafaɗar 'yan sanda shekaru masu yawa. A yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 an sake fito da tsofaffin Lee-Enfield da Mauser, musamman a ɓangaren Biyafara inda makamai suka yi ƙaranci.

Al'adar tara waɗannan bindigogi ta bunƙasa ne a Amurka bayan 1945, lokacin da ƙasashe suka riƙa sayar da rarar makamansu da araha, har mutum kan yi oda a kawo masa ta gidan waya. Da irin wannan Carcano ta gidan waya aka kashe Shugaba John Kennedy ranar 22 ga Nuwamba 1963, abin da ke cikin dalilan kafa dokar 1968 da ta taƙaita wannan ciniki. A Ingila sai da takardar izinin 'yan sanda ake mallakar mai aiki, in ba haka ba sai wadda aka kashe, wato aka toshe bututunta aka lalata sakatarta ta yadda ba za ta ƙara harbi ba, hukumar gwajin makamai ta Landan ko ta Bamingam kuma ta buga mata hatimin shaida. Abin koyi daga masu tarawa na gaske shi ne yadda suke karanta bindiga. A jikin ƙarfen da ke bayan kunamar Lee-Enfield ta 1907 akwai hoton kambin sarauta da haruffan sunan sarkin Ingila na lokacin, da sunan masana'anta, da shekarar ƙira. Akwai alamar kan kibiya mai nuna cewa kayan gwamnati ne. Akwai lambar ƙira da ake bugawa a jikin bindiga da kuma a kan sakata, wanda daidaituwarsu ke nuna cewa ba a yi mata haɗe-haɗe ba. A gindin katakon wasu kuma akwai ɗan faifan tagulla mai ɗauke da alamar bataliyar da ta riƙe ta. A kan Arisaka ta Japan akwai fure mai ganye 16, tambarin gidan sarautarsu, wanda aka kankare daga yawancin bindigogin da aka miƙa bayan an sallama a 1945, saboda haka wadda furenta ke nan daram ana kyautata zaton a fagen fama aka ƙwace ta. Wannan shi ya sa suke ɗaukar yanke katako ko goge ƙarfe har ya yi ƙyalli a matsayin ɓarna, tunda rubutun ake shafewa.

Inda wannan al'ada ta gaza shi ne sau da yawa sha'awar ƙarfen takan danne tunawa da mutumin. Mai tarawa yana iya sanin masana'antar da ta ƙera kowane ƙusa, amma bai taɓa tambayar wane ne ya saɓa bindigar a kwarin Kaladan ba, ko a kan wa aka juya bakinta a wani ƙauye da ya ƙi biyan haraji, kuma wannan ɓangaren na labarin a hannun jama'ar irin wannan yanki yake.

Dokar Nijeriya a kan lamarin a fayyace take. Dokar Makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku: haramtattu, waɗanda shugaban ƙasa kaɗai ke iya ba da izininsu, na ƙashin kai, irin su bindigar harbin tsuntsu, waɗanda izininsu ke hannun Sufeto Janar na 'yan sanda, da masu ɗuri ta baki, irin su bindigar toka, waɗanda kwamishinan 'yan sanda na jiha ke ba da izininsu. Bindigogin soja masu harsashin milimita 7.62 da milimita 9 da inci .300 da inci .303 an ambace su ƙarara a cikin rukunin farko, wanda ke nufin cewa Lee-Enfield da aka gada daga kaka, ko da ta shekara ɗari, haramtaccen makami ce a idon shari'a. Wannan hukunci daidai ne, kuma babu wanda zai fi mutanen wannan yanki fahimtar dalilinsa. A Disambar 2020 aka sace ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara. A Satumbar 2021 aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar Katsina, ciki har da Funtuwa da Malumfashi da Bakori da Faskari da Sabuwa da Ɗandume. A Oktoban 2023 kuma gwamnatin jiha ta ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma saboda abin ya ƙi ci ya ƙi cinyewa. Gaskiya ne cewa makamin ɓarayin daji AK-47 ce mai cin harsashi 30, ba mai sakata ba, amma tsufa bai cire wa .303 dafinta ba, domin har yanzu tana iya kisa daga nisan mita 500, gidan da aka san yana ɓoye da ita ya jawo wa kansa hari, kuma tsohuwar bindigar da tsatsa ta ci cikinta tana iya fashewa a fuskar mai harba ta. Magajin da ya tsinci irinta a rumbu ko a rufin ɗaki, hanyar da ta dace ita ce ya sanar da mai unguwa ko dagaci su raka shi wurin hukuma.

Sai dai miƙa ta ga hukuma bai kamata ya zama ƙarshen labarinta ba. Yarjejeniyar ECOWAS ta 2006 kan ƙananan makamai, da cibiyar ƙasa da aka kafa a 2021 don daƙile yaɗuwarsu, sun ƙarfafa lalata makaman da aka kama, kuma wannan shi ne abin da ya dace da dubban bindigogin da ake ƙwatowa daga daji. Abin da ake roƙo shi ne kafin a sa wuta ko zarto, a bar jami'in Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1979, ya duba tulin, ya ware 'yan ƙalilan da shekarar ƙirarsu da alamominsu suka nuna cewa sun girmi 'yancin kai, a kashe su yadda ba za su sake harbi ba, a rubuta su a rajista, a ajiye. Haka ya kamata a yi da waɗanda suka rage a ɗakunan ajiyar makamai na 'yan sanda. Wuraren ajiya suna nan: gidan tarihi na Katsina da ke tsohon ginin kwalejin horar da malamai, da Gidan Makama a Kano, da gidan tarihin yaƙi na Umuahiya da aka kafa a 1985. Abin da ya faru da Nefal ya isa gargaɗi, domin a 2003 aka sayar wa 'yan kasuwar waje tsofaffin bindigogi sama da 50,000 da suka shekara aru-aru jibge a wata tsohuwar fada a Katmandu, aka watsa su gidajen masu tarawa a Amurka da Turai, ta yadda ɗan ƙasar da ke son nazarin makaman kakanninsa sai ya bi su ƙetare.

Akwai kuma tarin da doka ba ta hana kowa ba, wanda ya fi na ƙarfe gaggawa. Saurayin da ya shiga soja yana ɗan shekara 18 a 1943 ya cika shekara 100 a 2025, saboda haka 'yan mazan jiya na yaƙin Bama sun kusa ƙarewa, abin da ya rage shi ne 'ya'yansu da jikokinsu da suka ji labari daga bakinsu, da littafin sallama daga aiki, da takardun fansho, da hotuna, da lambobin yabo da ke kwance a adaka inda gara da yoyon damina ke cin su. Lambobin Yaƙin Duniya na Farko an buga sunan mai su a jikinsu, amma taurarin yaƙi na biyu, irin su Tauraron Afirka da Tauraron Bama, an raba su ba suna, saboda haka da zarar tauraro ya rabu da takardarsa ya rasa mai shi. Hukumar kula da kaburburan sojojin ƙasashe renon Ingila da kanta ta amsa a rahotonta na 2021 cewa aƙalla mutum 116,000 da suka mutu a yaƙin farko, akasarinsu 'yan Afirka, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba. Sassan nazarin tarihi na Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma da Jami'ar Ahmadu Bello, tare da Gidan Arewa a Kaduna, suna iya tura ɗalibai gunduma-gunduma da amincewar Sarkin Maska da Galadiman Katsina da sauran hakimai, su ɗauki hoton takardun su bar wa iyalai na asali, su naɗi bayanin dattawa, su rubuta sunan soja da ƙauyensa da bataliyarsa da shekarar da ya tafi da wadda ya dawo. Abin da ya fi muhimmanci a rubuta shi ne lambar aikinsa, wadda ga sojojin Nijeriya na yaƙi na biyu ke farawa da haruffan NA, domin magatakardan soja sun saba rubuta kurtu da sunan yankansa haɗe da sunan garinsu, har mutum goma su tashi da suna iri ɗaya, kuma da wannan lamba ce ake iya bambance su a kundin ajiyar takardu na Kaduna ko a jerin sunayen da aka sassaƙa a maƙabartar Taukkyan da ke wajen birnin Rangun a Bama.